Akuyar Daso a Bayan Kekena

Tun da muka dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Mushe Haruna, wai da gaske har Katsina kuka taka keke?" Kafin in buɗe baki wani ya jefo tasa, wai shi an gaya masa a Kornaka muka ɗora kekunan a mota. Idi kuwa, abokin tafiyata, kullum sai ya ƙara wa labarin gishiri, a bakinsa na jiya har kura ta bi mu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun ana hutun lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Tafiyar nan saboda Goggo Tabawa na yi ta. Yayar mahaifina ce, ita ta goye ni, tana zaune a wani ƙaramin ƙauye gaba da Birnin Lalle. Bara wani ciwo ya shiga awakin ƙauyen, ya bi su gida gida, bai bar wa matan garin komai ba sai turaku da igiyoyi. Wanda ya san ƙauye ya san akuya ita ce asusun mace: nonon fura, sabulu, magani, gudummawar biki, duk daga jikinta suke fitowa. Goggo mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya ce, Hadiza, tana aure a Maradi. Da mijin Hadiza ya ji abin da ya faru sai ya aiko cewa Goggo ta tattara ta koma gidansa.

Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Goggo tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. In ya zo gaishe ta, ta bayan zana take amsawa. A ce wannan matar ta koma cin tuwon surukinta safe da yamma, suna haɗuwa a tsakar gida? Ta ce mini ranar da ta shiga gidan nan da kayanta, ranar ta gama zama mutum. Sai dai ba ta da abin da za ta ci rani da shi, don haka ta amsa cewa da an gama kaka za ta tafi.

Ina cikin wannan damuwa sai wani saƙon murya ya faɗo cikin gurup ɗinmu na 'yan Dakoro a waya. Alhaji Mamman ne, ɗan garinmu da ya daɗe yana fataucin shanu a Katsina, mutum mai son tsokana. Yana cewa samarin yanzu ko bayan gida za su sai sun kira kabu-kabu, su kuwa a zamaninsu da keke suke zuwa Maradi su dawo. Ya rufe da cewa duk wanda ya tako keke daga Dakoro har ƙofar gidansa, ya ba shi akuya goma. Kowa ya yi dariya ya wuce. Ni kuwa na saurari saƙon har sau nawa, sannan na danna na ce, "Alhaji, mutane sun ji ka. Ka tanadi igiyoyi, ga ni nan tafe."

Da Idi ya ji sai ya ce ƙafarsa ƙafata. Ɗan kawuna ne, taubashina, tela ne a bakin tasha, kuma Allah ya ba shi baki. Shi ya ce tunda dai za mu sha wahalar, me zai sa mu tsaya ga awakin Alhaji kaɗai? Mu bi mutanen gari kowa ya ɗauki nauyin wani yanki na hanyar, abin da aka tara a saya wa matan ƙauyen awaki gaba ɗayansu.

Neman masu ɗaukar nauyin nan shi kansa wata tafiya ce. Mutanenmu sun san a ba da sadaka, sun san a yi gudummawa, amma a ce wai ka biya don wani ƙato ya taka keke, wannan ya ɗaure musu kai. Wani mahauci ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To Mushe, in na ba ka ka zauna gida, ba ka huta ba?" Na yi ta bayani har na gaji, sai Idi ya karɓe. Ya ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya, kana ganin wanga mai tumbin zai kai Ajekoriya?" Mahaucin ya ce wallahi ba zai kai ba. Idi ya ce to in ya kai fa? Nan take ya yi alkawarin 'yar akuya. Daga ranar muka gane hanya: ba roƙo za mu yi ba, musu za mu tayar. Duk wanda ya raina tumbina sai ya ɗora wani abu a kan raininsa, kuma Allah ya sa masu rainin suna da yawa. Direbobin tasha suka ce sai mun ɗauki hoto a gindin allon kowane gari mun turo, don sun san halin Idi. Mai bitik, wato kantin unguwarmu, ya ba mu tayoyi sababbi. Matan da ke sayar da cuku suka cika mana leda, suka ce guzuri ne, ba su shiga musun maza. A meri, ofishin magajin gari, aka ba mu takarda mai hatimi, mai cewa tafiyar taimako muke.

Sai Idi ya je rediyon gari don ya sanar. Ni ban bi shi ba, ina gida ina ɗaure sirdi. Ina ji da kunnena ya fara da kyau, sai daɗin magana ya kwashe shi, ya ce za mu yi wannan tafiya ne saboda bayin Allah marasa ƙarfi, irin su Goggo Tabawa ta wajen Birnin Lalle, wadda ba ta da ko kaza. Na dafe kai.

Washegari Goggo ta aiko in zo. Na tarar da ita tana tsince wake, ko kallona ba ta yi ba.

"Haruna, mi na yi maka?"

"Goggo, ba ni ba ne, Idi ne ya..."

"An hwaɗi sunana cikin rediyo, tsakanin cigiyar raƙumi da sanarwar rasuwa. Har mata na zuwa yi mani jaje. Ni ɗiyar gidan da baƙo ba ya kwana da yunwa, yau ni ake yawo da sunana ana bara?" Ta ture faifan gefe. "Ko akuya ɗari kuka kawo, ku ba wasu. Ni ban karɓar sadaka. Kaka na yi in tahi Maradi, can ma dai kunyar ta cikin gida ce."

Haka na dawo gida. Na so in fasa, amma alkawuran mutane sun riga sun hau kanmu, ga kuma sauran matan ƙauyen. Idi ya kwana biyu ba ya haɗa ido da ni. Don ya wanke kansa ya ɗinka mana riguna masu ruwan ganye da wata 'yar tuta da ya soke a bayan kekena.

Ranar tashi kuwa duk wani ɓacin rai ya gudu. Bayan sallar asuba muka fito, na zaci mu biyu ne da Allah, sai ga bakin tasha cike da mutane. Masu kabu-kabu suka raka mu har bayan gari suna ta oda, mata na guɗa, mahaucin nan yana ihu wai in tuna da tumbina. Ban taɓa jin kaina kamar ranar ba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi sanyi, hatsi ya fara tsayawa a gonaki, iska na kaɗa tutar Idi. Na taka keken nan kamar wanda aka biya.

Kafin Ajekoriya na gane abin da mahaucin ya hango. Cinyoyina suka ɗau wuta, sirdin ya zama kamar an ɗora ni a kan tabarya. Muna isa gindin allon garin na sauka da ƙyar, na gyara tsayuwa, na yi murmushi Idi ya ɗauka, aka tura. Ba a jima ba saƙon mahaucin ya shigo: "To na ji. Amma a duba min, ba turo shi aka yi ba?"

A Kornaka muka kwana, wajen wani abokin aikina da ya buɗe mana aji muka haɗa bencina. Matarsa ta aiko da tuwon hatsi da miyar kuka mai man shanu, muka ci kamar ba za mu sake ci ba. Da safe Idi ya tashi yana tafiya kamar agwagwa, ni ma haka, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariya. Ƙaya ta sace mana iska sau biyu kafin hantsi, sarƙa ta kama ƙafar wandon Idi ta yage shi har gwiwa. Tela guda, a bakin hanya, ba allura ba zare. Da igiyar rama ya ɗaure.

Muna gab da Sabon Maci sai muka hango wata tsohuwar Bafulatana a gindin aduwa, da ƙwaryar nono a gabanta. Tun daga nesa ta miƙe tana ɗaga mana hannu. Mun zaci ciniki take nema, ga ƙishi, sai muka tsaya.

"Ku ne masu keken Dakoro?" in ji ta. "Wane ne ɗan Tabawa a cikinku?"

Na ce ni ne. Ta kama hannuna da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce sunanta Daso. A rugarsu ta ji sanarwar a rediyon mijinta, tun ranar take fitowa bakin hanya da nono tana jiranmu. Idi ya sunkuyar da kai, ya ɗauka wani faɗan ne zai sake sha.

Ta dama mana fura, ta ƙi karɓar komai, sannan ta ba mu labari. Shekarun baya, in an gama kaka, a gonar mijin Goggo suke sauka da dabbobinsu, su ci kara su bar taki. Wata shekara fari ya cinye musu garke, suka iso gonar da 'yan shanun da ba su iya tsayuwa. Goggo ta kamo akuya daga cikin nata ta miƙa mata habbanaye. Mu a wajenmu kowa ya san wannan al'ada ta Fulani: ba kyauta ba ce, ba bashi ba ce. Za ka ba mutum dabba mace ya riƙe, in ta haihu ta yaye, 'ya'yan nasa ne, uwar ta dawo gidanka. Kuma dabbar habbanaye an fi kula da ita fiye da ta gida, don amana ce, zumunci ne tsakanin mutum biyu. Daso ta ce ta mayar da uwar tun tuni, daga baya hanyar kiwonsu ta sauya, suka daina haɗuwa.

Ta shiga bayan wata geza ta jawo wata doguwar akuya fara mai baƙin kai, cikinta ya fara tasowa.

"Kakar wagga daga turken Tabawa ta fito. Ka kai mata. Kada ka ce na ba ta, ban ba ta ba. Ka ce Daso ta ɗaura mata habbanaye. In ta haihu ta yaye, in zo in karɓi uwar da hannuna, a gidanta, inda na san ta."

Na ce to Inna, mu kudu muka nufa, ki riƙe ta sai mun dawo. Ta ce gobe da sassafe za su tashi su bi burtali gabas, ba za mu same su ba. Ko yanzu ko babu.

Haka aka yi na zama mai goyon akuya. Wani manomi ya ba mu tsohon kwando, muka shimfiɗa buhu, muka ɗaure shi a bayan kekena, Daso da kanta ta naɗe ƙafafun akuyar ta kwantar da ita ciki, ta tofa mata addu'a. Farin cikin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Ban sani ba ko Goggo za ta karɓa, amma dai yanzu ina da abin da zan je mata da shi wanda ba bara ba. Idi kuwa nan take kansa ya dawo daidai. Ya ce, "Ka gani? Da ban yi magana a rediyo ba fa?" Na ce ya rufe min baki kafin in ɗora masa kwandon.

Duk wanda bai taɓa tuƙa keke da akuya mai ciki a baya ba, kada ya yi min maganar wahala. In ta motsa hagu, keken ya yi hagu. In mota ta wuce ta kwantsama kuka cikin kunnena. Ba mu yi nisa ba na ji wani ɗumi yana bin bayana, na ce wa Idi yau zufa ta yi yawa, ya leƙo ya ce ba zufa ba ce. Kafin mu hau babbar hanyar Maradi ta cinye tutar Idi saura sandar. Da muka tsaya sallar azahar na ajiye jakata kusa da ita, muna sallamewa na ga takardar meri a bakinta, ta riga ta gama da gefen da hatimin yake. Direbobin Dakoro da ke wuce mu suna ta oda suna ɗaukar hoto. Kafin yamma gurup ya cika da hoton bayana da kan akuya, har wasu da ba su ɗauki nauyin komai ba suka ce su ma a sa da su, saboda akuyar.

A Maradi gidan Hadiza muka sauka. Mijinta ya rungume mu duk da warin da muke yi, ya sa aka soya mana zabi. Bayan mun ci ya ce in zo in ga wani abu. Ya buɗe wani ɗaki a gefen tsakar gida: sabon fenti, katifa, fanka a sama, har da labule. Ya ce, "Na Inna ne. Na sa an fasa ƙofa ta baya don kada mu riƙa haɗuwa, na san halinta." Na tsaya ina kallon ɗakin nan mai kyau, tausayinsa da na Goggo suka kama ni lokaci guda. Hadiza ta ja ni gefe ta ce ita kanta ta san in uwarta ta shigo ɗakin nan ba za ta sake fitowa tsakar gida ba sai dai a fito da ita. A wajensu muka bar akuyar, don ba mu da takardar ƙetare iyaka da dabba. Kafin mu fita da safe ta riga ta gaisa da dashen mangwaron mai gidan.

Daga Maradi zuwa Ɗan Isa keken ya zama kamar takarda, har na riƙa waiwaye ina kewar kukan. Hadari ya taso mana a hanya, muka fake a wata rumfar masu gasa masara, ruwa ya tsuge. Mai rumfar da ya ji inda muka fito da inda za mu sai ya ce a ba mu masara kyauta, don mahaukaci ma baƙon Allah ne. A Ɗan Isa wani limami ya ba mu zaurensa. Shi ya gargaɗe mu cewa hanyar gaba ba a binta da yamma, mu bari sai rana ta fito motoci sun fara wucewa, mu bi ayari. Muka ji maganarsa.

A bakin iyaka, ɓangarenmu, jami'in ya karɓi katinmu na shaida ya duba, sannan na miƙa masa takardar meri. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "Ina sauran?" Na ce akuya ta ci. Ya dube ni, ya dubi Idi da wandonsa mai igiyar rama, ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Sai da Idi ya nuna musu hoton akuyar a kwando, suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuma wani dogo ya fara mana Turancin Ingilishi, muka tsaya muna kallonsa kamar shanu. Da ya juya Hausa ashe ɗan Daura ne. Ya ce shekararsa nawa a nan bai taɓa ganin wanda ya zo da keke don awaki ba. Ya ari kekena ya zaga shingen sau ɗaya, ya dawo yana dafe da ƙugu, ya ce mu wuce Allah ya ba mu lada.

Muna shiga Jibiya na ga ikon Allah. Harshe ɗaya, sallah ɗaya, fuskoki irin namu, amma komai da ɗan bambancinsa. Mu burodinmu dogo ne mai ɓawo, nasu kamar matashin kai. Idi ya ga mai shayi ya ce a ba mu, yana jiran 'yan ƙananan kofuna da kumfa irin na gida, na fari da na biyu da na uku. Sai ga wani ƙaton kofi kamar na alwala, cike da madara, da ƙwai soyayye a gefe. Ya ce, "Malam, shayi na ce, ba kunu ba." Amma sai da ya shanye ya nemi ƙari. Barkononsu kuwa ba na wasa ba ne, shinkafa da waken da muka ci sai da na yi hawaye. Abin da ya fi ƙona wa Idi rai shi ne duk inda muka buɗe baki sai a ce, "A'a, Buzaye ne!" Ya yi ta rantsuwa shi Bahaushe ne gaba da baya, su kuwa suna cewa ai daga jin yadda yake cewa lakwal an san Buzu ne. Muka raba musu cukun da ya rage, wasu suna ci suna tambaya ko sabulu ne.

Da muka hango ƙofar Katsina na kasa riƙe kaina, na saki kan keke na ɗaga hannu biyu ina kabbara, saura kaɗan in faɗa cikin wani mai a-daidaita-sahu. Hayaniya, injinan wuta ko'ina suna ruri, babura kamar fara. Da tambaya muka kai unguwar Alhaji Mamman. Ashe ya tara 'yan Dakoro mazauna can, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya fito da babbar riga, ya zaga kekunanmu, ya taɓa tayoyin, ya shinshina kwandon da na ƙi cirewa. Ya ce, "Wallahi wasa nake. Amma bakina ya ja mani, kuma ban taɓa jin daɗin asara irin ta yau ba." A gabanmu ya kira dillalinsa na kasuwar Dakoro ya ce a zaɓo mana awaki goma masu kyau, sauran 'yan garinmu su ma kowa ya ƙara abin da ya iya. Ya sauke mu a ɗaki mai na'urar sanyi, Idi da ya sha rana da ruwan sama lafiya lau, a nan mura ta kama shi.

Komawa dai a mota muka yi, ban ɓoye ba, alkawarin zuwa ne ba na dawowa ba. Muka tsaya Maradi muka ɗauki akuyar, mai gidan Hadiza yana ta ba ta haƙuri kamar ita aka yi wa ɓarna. A Dakoro aka tarbe mu da kiɗa, mahaucin ya kawo 'yar akuyarsa da kansa ya ce tumbin ya ragu, a mayar masa da rabin akuyar. Duk wannan murna ina yi ne da rabin zuciya, don babban aikin yana gabana.

Washegari na ɗora akuyar Daso a kwando na kama hanyar Birnin Lalle ni kaɗai. Idi ya ce shi ba zai je ba sai an tabbatar masa Goggo ba ta riƙe da muciya. Yashi ya hana keken tafiya, rabin hanyar turawa na yi. Na same ta a tsakar gida, ta riga ta fara ɗaure kwanoninta cikin buhu. Ta amsa sallamata, ta dubi kwandon, fuskarta ta ɗaure.

"Ban gaya maka ba? Hita da ita."

"Goggo, wannan ba ta cikin na taimako ba ce. Ba ma taki ba ce."

"To ta wa?"

"Ta Daso ce. Ta ce ba ta ba ki ba. Habbanaye ta ɗaura miki. In ta haihu ta yaye za ta zo ta karɓi uwar da hannunta, a nan gidan, inda ta san ki."

Goggo ta saki buhun. Ta taso a hankali ta kama kunnen akuyar, ta juya shi, ta ga tsagen gidan su Daso. Ta shafa baƙin kan, ta daɗe tana shafawa. Sai na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Kan Goshi ne wanga." Goshi sunan wata akuyarta ce da na sha nononta ina yaro. Ta juya mini baya ta goge ido da gefen zane, ni ma na dubi wani wajen.

"Daso na da rai ashe. Ta tsuhwa?"

"Ta tsufa, amma ta fi ni ƙarfi."

Ta durƙusa ta kwance ƙafafun akuyar, ta taɓa cikin, sai faɗa ya tashi. Wa ya koya min ɗaure dabba mai ciki haka? Me aka ba ta a Maradi duk ta rame? In wani abu ya sami amanar mutane da wane ido za ta dubi Daso? Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar wannan ba. Ta ja akuyar zuwa tsohon turken da ya shekara babu dabba, ta ɗaure, ta kawo ruwa da dusa. Tana tsaye a kanta ta ce, su ma awakin da muka samo kada mu kuskura mu raba su kamar zakka a gaban jama'a. A ɗaura wa kowace mace habbanaye, in ta haihu ta miƙa uwar ga maƙwabciyarta. Haka kuwa aka yi daga baya, kuma babu macen da ta sunkuyar da kai ranar da ta karɓi igiya.

Sannan ta miƙo hannu ta ce in kira mata Hadiza. Na kira na sa mata wayar a kunne, ta riƙe da hannu biyu tana ɗaga murya kamar Maradi za ta jiyar kai tsaye.

"Hadiza? Ki gaida mutanen gidanku, ki ce na gode, Allah shi saka. Ɗakin nan da suka gyara mani, su zuba hatsi ciki. Ni ban zuwa. Ina da amanar mutane a turke, kuma mai ita nan ta ce za ta iske ni."

Ta miƙo min wayar, ta jawo buhun nan ta fara fito da kwanoninta ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi mafi girma ta tura min da ƙafa.

"Tunda kai ne gwanin keke, tahi bakin rijiya ka ɗebo mata ruwa. Wanga bai ishe ta ba."